Burodi ɗaya, suna bakwai: su wa ke raɗa suna a biranen Amurka?

Burodi ne dogo, ya kai kamu ɗaya. A tsaga shi a tsaye, a cusa masa yankakken nama da cuku da tumatir da albasa, shi ke nan an gama. Idan a Filadelfiya kake, abin da za ka ce a ba ka shi ne hoagie. Ka hau jirgin ƙasa, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ka sauka a New York, ya zama hero. Ka ɗan ƙara gaba zuwa Westchester, wedge ne. A jihohin New England grinder, a tsofaffin unguwannin Boston spuckie, can kudu a New Orleans po' boy. Sauran ƙasar kuma sub suka sani.

Wanda ya san Amurka ta fim kaɗai zai ɗauka Turancinsu bai ɗaya ne. Su kansu sun san ba haka ba ne. Kamar yadda Bakano ke gane Basakkwace da buɗa baki, haka mutumin Pittsburgh ke gane baƙo tun daga yadda ya nemi lemo. Abin da ya ja hankalina a wannan sha'ani shi ne kusan kowane suna yana da tarihi biyu. Akwai wanda 'yan gari ke ba baƙo cikin alfahari, akwai kuma wanda ake tonowa daga tsofaffin jaridu. Ba kasafai suke haɗuwa ba.

A fara da hoagie. Labarin da ya fi yawo a Filadelfiya shi ne, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya akwai babbar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a wani wuri da ake kira Hog Island, wato Tsibirin Alade, inda filin jirgin saman birnin yake a yau. Leburori 'yan asalin Italiya sukan zo da irin wannan burodi, sai aka laƙaba masa sunan tsibirin. Labari mai daɗi. Matsalarsa ita ce an rufe ma'aikatar a farkon shekarun 1920, sunan kuwa bai fara fitowa a rubuce ba sai wajen shekarun 1940. Ina ya ɓuya shekara ashirin? Masu bincike sun fi karkata ga wani makaɗi, Al DePalma, wanda ya buɗe shago a 1936 yana kiran hajarsa hoggie, wai don sai mai ci kamar alade ne zai iya cinye guda. Bakin 'yan birnin ne ya lanƙwasa kalmar. Duk da haka labarin tsibirin bai mutu ba, kuma a 1992 magajin gari Ed Rendell ya ayyana hoagie a matsayin burodin birnin a hukumance.

Sub ma haka. Gajarta ce ta kalmar jirgin yaƙi mai nutso, saboda kamannin burodin. Mutanen Connecticut sun ce a wajensu aka raɗa sunan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kusa da sansanin jiragen da ke Groton. Sai ga talla an samo daga Wilmington ta jihar Delaware mai ɗauke da kalmar tun 1940, kafin Amurka ta shiga yaƙin. Hero kuma wasu suka ce daga gyro, gasasshen nama cikin burodi na Girkawa, ya fito, alhali ana cin hero a New York tun shekarun 1930, gyro kuwa sai bayan shekara talatin ya shigo gari.

Po' boy ne ya fi sauran ƙafar tsayawa. A 1929 ma'aikatan taragun lantarki na New Orleans suka tsunduma yajin aiki. Wasu 'yan'uwa biyu, Bennie da Clovis Martin, waɗanda a da kwandastoci ne kafin su buɗe gidan abinci, suka yi alkawarin ciyar da masu yajin kyauta. Aka ce duk lokacin da suka hango ɗaya tafe sai su ce ga wani talaka nan kuma, poor boy, kalmar da bakin Kudu ya taƙaita. Yajin ya faru, 'yan'uwan sanannu ne, wasiƙar goyon bayan da suka aika wa ƙungiyar ma'aikatan tana nan. Abin da kawai ba su ƙirƙira ba shi ne burodin kansa, don tun kafin su ana cusa soyayyar kawa cikin burodi a birnin.

Dabarar masu bin diddigin kalma ba ta da wani sihiri. Su nemo wuri mafi tsufa da kalmar ta fito a rubuce. In ta girmi abin da aka ce shi ya haife ta, labarin ya faɗi. Da wannan dabara Barry Popik, lauya a New York wanda ya taɓa zama alƙalin tarar ajiye mota, da abokin aikinsa Farfesa Gerald Cohen, suka rushe tatsuniyoyi da dama. An daɗe ana cewa wani mai zanen barkwanci, Tad Dorgan, shi ya ƙirƙiro sunan hot dog, burodin da ake sa wa tsiran nama, wanda a zahiri ke nufin kare mai zafi, a filin wasa a farkon ƙarni na 20 saboda ya kasa rubuta sunan wani nau'in karen Jamus. Har yau ba a ga zanen ba, kalmar kuwa tana cikin mujallun ɗaliban Jami'ar Yale tun shekarun 1890, inda ake zolayar cewa naman kare ake cusawa a ciki. An kuma ce editan wata jaridar New York, Charles Dana, shi ya kira Shikago Windy City, birnin iska, don ya yi wa 'yan siyasarta shaguɓen cika baki lokacin da ake takarar karɓar baje kolin duniya na 1893. Popik ya samo laƙabin a jaridun Cincinnati tun 1876.

Inda aka yi sa'a, gaskiyar takan fi tatsuniyar armashi. Big Apple, laƙabin New York, wani ɗan jarida mai rahoton sukuwar dawaki, John J. Fitz Gerald, ya fara rubuta shi a 1921. Shi da kansa ya bayyana cewa a bakin baƙaƙen fata masu kula da dawaki ya ji shi, a filin sukuwa na New Orleans. A wajensu filayen New York su ne babbar tuffa, inda kuɗi yake. Makaɗan jazz suka ɗauka, daga baya laƙabin ya kwanta, sai a farkon shekarun 1970 hukumar jawo masu yawon buɗe ido ta tashe shi don ta wanke sunan birnin da ya ɓaci da laifuka da bashi. Barorin doki suka raɗa, ɗan jarida ya rubuta, masu talla suka sayar. Wannan jeri zai sake dawowa idan mun zo kan unguwanni.

Me ya sa tatsuniyar ke rinjaye? A ganina saboda tana da mutum ɗaya, da rana ɗaya, da abin dariya. Ainihin yadda kalma ke samuwa ba shi da wannan tsari. Takan yi shekaru tana yawo a bakin 'yan dako, masu girki, bayi da baƙin haure, mutanen da babu mai rubuta zancensu, kafin wani ɗan jarida ya tsince ta. Lokacin da aka fara tambayar asalinta, waɗanda suka sani sun mutu, sai masu ƙage su cike gurbi.

To amma ko da an rasa wanda ya fara furta kalma, ana iya gane al'ummar da ta zo da ita. Nan ne taswirar kalmomi ke zama taswirar ƙaura.

Mutanen Holan sun riƙe yankin New York kusan shekara arba'in kacal kafin Ingila ta karɓe shi a 1664. Abin da suka bari ya fi ƙarfin wannan ɗan lokaci. Harlem sunan garin Haarlem ne na Holan, an kafa ta a 1658. Brooklyn daga Breukelen, Bowery daga kalmarsu ta gona. Matakalar ƙofar gida da 'yan New York ke zaman hira a kai, stoop, tasu ce. Cookie, abin da Ingila ke kira biskit, daga koekje ya fito. Har boss, maigida a wurin aiki, daga baas ɗinsu ne.

Kudu kuwa, ɗakin girki ne ya adana tarihin. Matan da aka kamo daga Afirka su ne masu dafa abinci a gidajen masu gandu, kuma sunayen kayan miya da suka zo da su sun zauna. Okra, kuɓewa, ana danganta ta da Ibo. Gumbo, shahararriyar miyar Louisiana, daga sunan kuɓewa ne a harsunan Bantu na yankin Angola, kuma duk wanda ya yi makarantar Faransanci a Nijar ya san gombo. Akwai masu cewa daga harshen Choctaw na 'yan asalin ƙasar ne, saboda garin ganyen da ake kaɗa miyar da shi, amma mafi yawan masana sun tsaya kan kuɓewa. Goober, gyaɗa a bakin mutanen Kudu, daga nguba ne na Kikongo da Kimbundu. A Charleston ta jihar South Carolina har yau ana sayar da wani siririn biskit na riɗi mai suna benne, kalmar da ta fito daga yankin Senegal da Gambiya, ita ce kuma ke cikin benniseed da 'yan kasuwar riɗi a Najeriya suka sani.

Yam ce ta fi ban dariya. Kalmar ta biyo ta bakin Turawan Fotugal da Sifaniya, amma ƙamus-ƙamus na mayar da ita Afirka ta Yamma, suna kwatanta ta da kalmar Fulatanci ta cin abinci, wadda duk mai maƙwabtaka da Fulani ya saba jin nyam a cikinta. A nan Afirka doya take nufi. Bayi suka isa Amurka ba su tarar da doya ba, suka ga dankali mai zaƙi, suka ba shi sunan abin da suka baro a gida. A shekarun 1930 manoman Louisiana suka ɗauki kalmar suka manna wa dankalinsu mai jan ciki don su bambanta shi a kasuwa. Yau Ba'amurke zai ci dankali a bikin godiya na Thanksgiving ya rantse doya ya ci. Hukumar noma ta ƙasar dai ta wajabta duk kwalin da aka rubuta yam a kai a ƙara rubuta cewa dankali ne.

New Orleans ita kaɗai ta isa littafi, don Faransa da Sifaniya duk sun mulke ta kafin Amurka ta saye yankin a 1803. Suna da kalma, lagniappe, ma'anarta daidai da gyara a kasuwa, ɗan abin da mai sayarwa ke ƙara wa mai saye. Ta taso daga harshen Quechua na tsaunukan Peru, ta shiga Sifaniyanci, ta sa rigar Faransanci, ta zauna a bakin kogin Mississippi. Tsibirin tsakiyar titi kuma suna kiransa neutral ground, filin 'yan ba-ruwanmu. Dalili: bayan 1803 Amurkawa masu jin Turanci suka zauna gefe guda na titin Canal, tsofaffin 'yan gari masu jin Faransanci suna ɗaya gefen, ba sa ga maciji da juna, tsakiyar titin ce ta zama ba ta kowa ba. Gabar ta wuce, sunan ya bazu zuwa kowane titi a birnin.

Akwai kuma wani gurbi da Turanci ya bari wanda mai jin Hausa zai yi mamakinsa. Mu muna da kai, da ke, da ku. Turanci ya yar da thou tun wajen ƙarni na 17, ya bar you tana ɗaukar mutum ɗaya da taro. Kowane yanki sai ya yi wa kansa faci. Kudu suka ce y'all, baƙi da farare duka. Baƙin Ailan, waɗanda harshensu na gado ke bambanta ɗaya da jam'i, suka kawo youse zuwa New York da Filadelfiya. Pittsburgh ta gaji yinz daga you ones na zuriyar Sikotlan da suka biyo ta arewacin Ailan a ƙarni na 18. A da abin kunya ne, alamar leburan masana'antar ƙarfe. Da masana'antun suka durƙushe a shekarun 1980, mutane suka watse neman aiki, sai kalmar ta zama tutar gida. Yanzu ana buga ta a riguna, ɗan birnin kuma yana kiran kansa Yinzer.

Lemon kwalba ba ya buƙatar dogon bayani. Gabas maso arewa da Kalifoniya soda, tsakiyar ƙasar pop saboda ƙarar buɗe kwalba, Kudu kuma coke ko da Sprite ne a ciki, don a Atlanta aka haifi Coca-Cola a 1886. Kamar dai yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a wajenmu. Wani abin kuma da masu gidajen abinci, galibi Girkawa, suka yi: naman hot dog da aka zuba wa miyar niƙaƙƙen nama, a Detroit ta jihar Michigan sunansa Coney, wato wurin shaƙatawa na New York. A Plattsburgh ta jihar New York sunansa michigan. A Rhode Island New York System, a Paterson ta New Jersey kuma Texas wiener. Kowa ya jingina abincinsa da garin da ba nasa ba, don abin nesa ya fi shiga kasuwa.

Ba da ka aka san iyakokin waɗannan kalmomi ba. Daga 1965 zuwa 1970 wani malami a Jami'ar Wisconsin, Frederic Cassidy, haifaffen Jamaika, ya tura matasa masu bincike garuruwa 1,002, wasunsu cikin motocin da suke kwana a ciki. Suka zauna da mutum 2,777, galibi dattawan da ba su taɓa barin garinsu ba, suna yi musu tambayoyi fiye da 1,600: me kuke kiran wannan, me kuke kiran wancan. Daga nan aka haɗa ƙamus ɗin karin harsunan Amurka da ake kira DARE. Juzu'i na farko ya fito a 1985, wanda ya kai harafin ƙarshe sai 2012. Cassidy ya rasu a 2000 bai ga ƙarshensa ba, a kan kabarinsa an rubuta kirarin da yake yi wa ma'aikatansa, cewa a ci gaba har Z. Abin lura shi ne an yi aikin ne da fargabar talabijin za ta shafe bambance-bambancen. Wasu kalmomin karkara sun mutu kam. Amma birane ba su daina haifar sababbi ba: jawn a Filadelfiya, wadda ke nufin kowane abu ko wuri ko mutum, da hella a yankin Oakland, mai nufin ƙwarai. Wanda ya fi yi wa sunayen gida illa ma kamfani ne, ba allo ba. Subway, da aka kafa a Connecticut a 1965, ya kai sub kowane lungu, har yaran Boston da yawa ba su san spuckie ba.

Sunayen unguwanni su ne suka fi tona asirin wanda ke da iko. Na farko-farko aiki ne ya raɗa su. Back of the Yards a Shikago tana bayan makeken mayankar da ta yi aiki daga 1865 zuwa 1971. Pigtown a Baltimore, ta nan ake kora aladu daga tashar jirgi zuwa mahauta. Skid Row, wadda yanzu ke nufin unguwar marasa galihu a birane da dama, an fi danganta ta da hanyar da ake gangaro da gungumen katako a Seattle, inda mashaya da gidajen kwanan leburori suka yi layi. Black Bottom ta Detroit kuwa, mutane da yawa sun ɗauka don baƙaƙen fata ne suka cika ta. Baƙar ƙasar noma ce ta jawo sunan tun zamanin Faransawa. An rushe unguwar a shekarun 1950 da 1960, aka shimfiɗa babbar hanya da sababbin gidaje a wurin.

Wasu sunayen daga waje aka jefo su, da raini ko da kwaɗayi. A 1876 aka mayar da wani kyaftin na 'yan sanda, Alexander Williams, zuwa yankin gidajen caca da karuwai na Manhattan, a birnin New York. Aka ruwaito ya ce ya gaji da cin nama mai tauri, yanzu zai ci tenderloin, tsoka mafi laushi a jikin saniya. Cin hanci yake nufi. Unguwar ta zama Tenderloin, San Francisco ma ta ari sunan, nata yana nan har yau. Hell's Kitchen, ɗakin girkin jahannama, unguwar talakawan Ailan ce a yammacin Manhattan, sunan yana jaridu tun farkon shekarun 1880. A ƙarshen shekarun 1950 aka yi ƙoƙarin sauya shi da Clinton don ya yi daɗin ji. Bai kama ba. Yanzu da unguwar ta yi tsada, dillalan gidaje da kansu sun fi son tsohon sunan, tunda haɗarin ya tafi ya bar ƙamshinsa.

Akwai inda mazauna suka ƙwace linzamin. Cikin baƙaƙen fata kusan miliyan 6 da suka bar Kudu tsakanin 1910 da 1970, dubbai sun sauka a kudancin Shikago, inda jaridun farare ke kiran unguwarsu Black Belt da wasu sunaye mafiya muni. Wajen 1930 wani ɗan jarida baƙar fata, James Gentry, ya kawo Bronzeville, garin masu launin tagulla, jaridun baƙaƙe suka yayata shi har da zaɓen magajin garin Bronzeville na girmamawa. Wannan sunan ne ya rayu.

Daga shekarun 1960 salon ya sauya. Wani masanin tsara birane, Chester Rapkin, ya rubuta rahoto kan yankin masana'antu da ke kudu da titin Houston a Manhattan, wanda 'yan kwana-kwana ke kira eka ɗari ta jahannama saboda yawan gobara. Daga rahoton aka yanko SoHo, gajartar South of Houston, wato kudu da Houston. Af, wannan titin Hauston ake furta shi, ba kamar birnin Texas ba, kuma da shi ake kama baƙo. Masu zane suka shiga tsofaffin ɗakunan ajiya, masu kuɗi suka biyo su, SoHo ta zama zinariya. Kowa ya ga dabarar. Tribeca ta biyo baya, sai NoHo, sai Nolita. A 1978 mazauna wani lungu a ƙarƙashin gadar Manhattan ta ɓangaren Brooklyn suka zaɓi DUMBO da gangan, suna mai kama da wawa, wai don masu gine-gine su ƙyamaci wurin. Yau tana cikin unguwanni mafiya tsada a Brooklyn.

Dillali ya gano cewa suna na ƙara kuɗin haya ba tare da an sa bulo ko ɗaya ba. Ka yanki gefen unguwar talakawa, ka ba shi gajeren suna mai kama da SoHo, mai neman gida a intanet ba zai haɗa shi da tsohon sunan ba. A 2011 Hakeem Jeffries, wanda a 2023 ya fara jagorantar 'yan Democrat a majalisar wakilai ta tarayya, yana ɗan majalisar jiha daga Brooklyn, ya kawo ƙudurin hukunta dillalan da ke ƙirƙiro sunaye, bayan an fara tallar wani yanki na mazaɓarsa da sunan ProCro. Ƙudurin bai zama doka ba. Ni dai ina ganin ya hango abin da yake gaskiya: Tenderloin da Hell's Kitchen zagi ne, amma sun yarda akwai mutane a wurin. Sabon salon yana tallar unguwa kamar fili ne da ba a taɓa zama ba.

A 2017 rigimar ta isa Harlem. Dillalai suka fara kiran yankin da ke tsakanin titi na 110 da na 125 da SoHa. Mazauna da shugabannin unguwa suka fito suka ce ba su yarda ba, Harlem sunan da Malcolm X da makaɗan jazz da marubuta baƙaƙe suka ɗaukaka ne, ba a yanka shi. Wani babban kamfanin dillanci ya janye sunan daga tallarsa. A tsakiyar wannan yankin, kan titi na 116, akwai wani laƙabin da babu dillalin da ya raɗa shi. Tun shekarun 1980 'yan Senegal da wasu 'yan Afirka ta Yamma suka buɗe shagunan atamfa, gidajen shinkafa da kifi da wuraren kitso a kusa da masallacin Malcolm Shabazz, mutane suka riƙa cewa Little Senegal, su kuma suna cewa Le Petit Sénégal. Haya ta tashi, shaguna da dama sun rufe, iyalai da yawa sun koma Bronx. Waɗanda suka rage suna buɗe ƙofa kowace safiya, ana ciniki da Wolof.